Shin Ya Halatta a Ɗora Rai a Kan Sikeli?



A ƙasar Ingila gwamnati ce ke ɗaukar nauyin asibiti daga kuɗin haraji. A 1999 suka kafa wata hukuma mai suna NICE, wadda ke duba sabon magani kafin a fara saya wa jama'a. Bayan ta tabbatar maganin yana aiki, sai ta yi tambaya biyu: shekara nawa ta lafiya zai ƙara wa mai shansa, kuma nawa za a kashe a kan kowace shekara guda? A shekarun baya ta daɗe tana aiki da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000. In kuɗin shekara guda bai kai ƙasan ma'aunin ba, a saya. In ya zarce samansa, sai da ƙwaƙƙwarar hujja, in kuwa babu, kamfani ya rage farashi ko ya kwashe kayansa.

Duk wanda ka faɗa wa wannan a kasuwa sai ya ce subhanallahi, Bature ya yi wa rai farashi kamar sa a kara. Wannan ƙyamar tana da tushe mai kyau, kuma ba mu so ta mutu a zukatanmu. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san yadda ake yin lissafin, don malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai an fahimci surarsa.

Abin farko shi ne mudun da suke awo da shi. Mu kira shi shekarar lafiya. Shekara guda cikin cikakkiyar lafiya maki ɗaya ce, mutuwa sifili, sauran halaye suna tsakani. Wanda ya yi shekara huɗu a halin da aka ba rabin maki, ya samu shekarar lafiya biyu ke nan. To wa ke ba da makin? Suna da wata takardar tambaya mai duba abu biyar: tafiya, kula da kai kamar wanka da sa tufa, harkokin yau da kullum, zafin ciwo, da damuwar zuciya. Sai a je wa mutanen gari a ce, ga shekara goma a kwance cikin hali kaza, ga kuma shekaru kaɗan cikin ƙoshin lafiya, nawa za ka karɓa a madadin goman? Wanda ya ce zai karɓi shida, ya ba wannan hali maki shida cikin goma. A 1993 an yi wa mutum sama da 3,000 irin wannan tambaya a Birtaniya, kuma an yi shekaru ana aiki da amsarsu. Har akwai halayen da makinsu ya faɗi ƙasa da sifili, wato mutanen sun ce gara mutuwa da su. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na biyu shi ne taswirar lissafi, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Gwajin magani a asibiti yakan ɗauki shekara biyu ko uku, amma amfaninsa ko cutarwarsa na iya bin mutum shekara talatin. Ba wanda zai jira shekara talatin kafin ya yanke shawara, don haka sai a zana abin da ake tsammani zai faru. Mafi sauƙin zanen kamar bishiya yake: in an yi tiyata, reshe ɗaya warkewa, reshe ɗaya matsala, kowane reshe da kasonsa cikin ɗari da kuɗinsa. Wannan ya isa ga ciwon da ke zuwa ya wuce. Ga ciwon da ke zama da mutum kuwa, kamar hawan jini ko sukari, suna amfani da wata hanya da aka sa wa sunan wani masanin lissafi ɗan Rasha, Markob.

Ɗan goro zai gane ta nan take. Ka ɗaure huhu, ka san duk lokacin da ka kwance don sauya ganyen fita za ka tarar wani goron lafiya lau, wani sankara ta fara shigarsa, wani ya riga ya lalace. Ba ka san wace ƙwaya ce za ta ɓaci ba, amma daga gogewa ka san kimanin nawa za su ɓaci a wata, kuma da wannan sanin kake yanke ko ka sayar yanzu ko ka ajiye zuwa lokacin tsada. To haka suke yi. A ɗauki mutum 1,000 na tunani masu hawan jini, a yi musu ɗaki uku: ɗakin masu yawo da ƙafarsu, ɗakin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da ɗakin da ba a fitowa. Mu ƙaddara, don misali kawai, kowace shekara 30 cikin 1,000 suna komawa ɗaki na biyu, 10 suna rasuwa. Ƙarshen shekarar farko saura 960 a ɗakin farko. A sake cire kason daga cikin 960, a yi ta juyawa shekara bayan shekara har ɗakunan biyu su zama wayam. A kowane zagaye ana rubuta kuɗin da aka kashe da shekarun lafiyar da aka tara. Sai a sake yin tafiyar tun daga farko, wannan karon da sabon magani wanda ya mai da 30 ɗin nan 20. In sabon ya ci ƙarin naira miliyan 60 ya kawo ƙarin shekarar lafiya 200, to kowace shekara ta tsaya a naira 300,000. Wannan adadin ne ake kai wa gaban hukuma.

Da yake duk alƙaluman nan kintace ne, ba sa yarda da zagaye ɗaya. Sukan sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau dubbai, kowane karo tana ɗan ɗaga wannan adadi tana sauke wancan, a ga sau nawa amsar ta tsaya inda take. Mai hankali a kasuwa ma haka yake yi: in mota ta ƙara kuɗi fa? In dala ta tashi fa?

Ciwon da ake ɗauka daga wani zuwa wani yana da tasa taswirar dabam, don in ka kare mutum ɗaya ka kare maƙwabtansa. A nan ma ƙasarmu ta ba duniya gudummawa, ko da yake kaɗan ne cikinmu suka sani. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, zazzaɓin ya sauka ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Daga jinin mutanen Garki da aka yi ta aunawa aka gina taswirar lissafin yaɗuwar ciwon, kuma masu wannan fanni sun daɗe suna komawa ga alƙaluman.

To yanzu ga tambayar. Shin wannan aiki cin mutuncin rai ne?

Mu a ganinmu, abin da ake aunawa ba darajar mutum ba ce. Fiƙihu ma ya sa diyyar rai raƙumi ɗari, kuma ba wani malami da ya taɓa cewa ma'anarsa ana iya sayen mutum da raƙumi ɗari. Adadi ne da aka sa don a iya zartar da hukunci a duniyar da dukiya ke da iyaka. Abin da fam 30,000 ɗin can ke faɗa shi ne: asusu ɗaya ne, in aka zuba kuɗin nan a wannan wuri, to an ɗebe shi daga wani wuri. Masana a jami'ar York sun bi diddigin wannan, suka fitar da sakamako a 2015 cewa a asibitocin Ingila kimanin fam 13,000 yana samar da shekarar lafiya guda. Ka ga ke nan duk maganin da aka saya a kan 30,000 ya ba mutum ɗaya shekara, ya hana wasu shekara biyu da 'yan kai. Su wa aka hana? Ba wanda ya san sunansu. Tsohuwa ce da aka ɗaga ranar tiyatar ƙugunta, ko mai taɓin hankali da aka rufe ɗakin da ake duba shi. Ba su fito a jarida ba, su kansu ba su san an zaɓi wani a kansu ba.

Wannan shi ne abin da ya fi damunmu a cikin maganar duka. Zuciyar ɗan Adam tana motsi ne ga fuskar da ta gani. Yaro ya faɗa rijiya, gari duka ya fito, ba mai tambayar nawa igiya. Alhamdu lillahi da aka halicce mu haka. Amma yaran da za su faɗa rijiyar baɗi saboda ba a yi mata murfi ba, su ba su da mai yi musu kururuwa. 'Yan siyasar Ingila sun san wannan rauni. Da hayaniya ta yi yawa kan magungunan sankara da NICE ta ƙi, sai gwamnati ta buɗe asusu na musamman a 2010 don a riƙa sayensu ta bayan gida. An kashe sama da fam biliyan ɗaya kafin a sake masa fasali a 2016, kuma da masana suka duba daga baya, suka tarar mafi yawan magungunan ba su nuna wani amfani na a zo a gani ba. An ji daɗi a zuciya, an kuma biya da lafiyar waɗanda ba a gani.

Kada kuma mu ɗauka in aka jefar da sikelin adalci ne zai maye gurbinsa. A farkon shekarun 1960, lokacin da injin wankin ƙoda yake sabo a birnin Siyatil na Amurka, masu buƙata sun fi injinan yawa nesa ba kusa ba. Sai aka naɗa kwamitin mutum bakwai, aka ɓoye sunayensu, su zaɓi wanda za a ɗora. Ba su da taswira, ba su da mudu. Me suka duba? Aure, yawan 'ya'ya, aikin yi, abin hannu, zuwa coci. A taƙaice sun zaɓi masu kama da su. Da labarin ya fito a 1962 mutane suka girgiza. Mu da muke zaune a baƙon wuri ya kamata mu fi kowa jin wannan a jika. In zaɓi ya koma ga wa ka sani, wa ya san ka, to mai turin baro da ya sauka tasha jiya, ba dangin iya ba na baba, shi ne na ƙarshe a layi.

Duk da haka ba za mu miƙa wa lissafi wuya ba, don akwai abin da ke ɓoye a cikinsa. Mai sikeli na iya auna maka daidai alhali dutsen awon ne aka rage. Kowane adadi da aka zuba cikin taswirar nan, wani ne ya zaɓe shi, kuma wasu zaɓuɓɓukan hukunci ne na ɗabi'a da aka sa wa rigar lissafi.

Ɗauki makin nan na farko. Masu lafiya aka tambaya yaya suke ganin zaman gurgu ko makaho, kuma an sha ganin cewa masu ɗauke da larurar suna ba rayuwarsu maki sama da wanda masu kallo ke ba ta. Mu mun san haka ba sai an yi mana bincike ba. Muna da makafi mahaddata a unguwar nan da suka fi masu ido da yawa natsuwa. In aka ce shekarar makaho ba ta kai ta mai ido ba, to ceton ransa zai fito da tsada a takarda, ko da ciwonsu ɗaya maganinsu ɗaya. Wannan kam ba mu yarda da shi ba. Dattijo ma haka: shekarun da suka rage masa a lissafi kaɗan ne, don haka kullum yana baya. Lokacin da Bankin Duniya ya fito da wani mudu mai kama da wannan a rahotonsa na 1993, har fifiko aka ba shekarun ƙuruciya da ƙarfi a kan na jariri da na tsoho. Suka sha suka, daga baya aka cire. Da hannu aka sa, da hannu aka cire, lissafin kansa bai ce komai ba.

Sai kuma ragin jinkiri. Ɗan kasuwa ya san kuɗi hannu ya fi alkawarin baɗi, su ma sai suka ce amfanin da zai zo nan gaba a riƙa rage masa kashi 3.5 cikin ɗari kowace shekara. Ga kuɗi mun fahimta. Amma lafiya ma haka suke yi mata. Da wannan ragi, shekarar lafiya da za ta zo bayan shekara 20 ta koma rabi, wadda za ta zo bayan 40 ta koma rubu'i. Jaririn da aka yi wa rigakafin ciwon hanta yau, amfanin zai bayyana ne lokacin da ya zama magidanci, sai lissafi ya ƙirga cetonsa a rubu'in kimarsa. Wane dalili ne ya sa ran jikanmu zai fi namu araha don kawai ya zo a makare? Su kansu masu fannin ba su gama wannan gardama ba, shi ya sa NICE ta yarda a sauko zuwa kashi 1.5 a wasu lokuta.

Jihar Oregon ta Amurka ta gwada bin alƙalami ido rufe. A 1990 ta jera ayyukan asibiti bisa lissafin kuɗi da amfani don ta san waɗanda za ta biya wa talakawa. Da jerin ya fito, sai ga gyaran haƙori a saman tiyatar afendis, wadda in ba a yi ba mutum na iya mutuwa cikin kwanaki. Ƙananan amfani masu arha da aka tara sun rinjayi ceton rai. Dole suka janye jerin, suka zauna da jama'a, suka sake shi da hankali.

To ina mafita? Akwai darasi a ilimin gado, wanda shi ne lissafin da muka fi sani. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da kashi biyu cikin uku. In ka haɗa, bakwai ne cikin shida, dukiya ba ta kai ba. A zamanin Sayyidina Umar aka fuskanci irin wannan, aka zartar da abin da ake kira auli: a raba gida bakwai, kowa ya ɗauki ragi gwargwadon rabonsa. Abdullahi ɗan Abbas yana da wani ra'ayi dabam, kuma an rubuta saɓanin, ba a ɓoye ba. Abin lura shi ne sun yarda cewa abu bai isa ba, sun ƙirga, sun sa ƙa'ida a fili wadda ba ta duba fuskar magaji. Sai dai magani ba kullum yake rabuwa kamar gona ba. Rabin tiyata ba ya warkar da kowa. Don haka auli ya koya mana ladabin rabo, bai ɗauke mana nauyin zaɓi ba.

Ƙasar Tailan ta nuna yadda ake haɗa biyun. Masu lissafinsu sun gaya wa gwamnati cewa wankin ƙoda ya wuce ma'aunin da ƙasar ke iya ɗauka. Gwamnati ta ji, amma ta duba wani abu da mudun bai auna ba, wato yadda ciwon ke cinye gida ɗungurungum, a sayar da gona a cire yara daga makaranta. A 2008 ta sa shi cikin abin da take biya, amma ta ce a fara da nau'in da ake yi a gida ta cikin ciki, wanda aka lissafa zai fi sauƙi ga asusu. Sun tsallake alƙalamin da saninsu, sun san nawa tsallakewar za ta ci, sun kuma faɗi dalili. Ingila ma tun 2022 tana ƙara nauyin shekarar mai tsananin ciwo, har zuwa 1.7 a madadin ɗaya.

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu da fam da Tailan? Ruwanmu kuwa, don muna yin irin wannan hukunci duk Juma'a ba tare da mun kira shi da sunansa ba. A yi sallama, a tashi a ce wane yana kwance, ƙoda ta tsaya, a taimaka. A zagaya da hula, a buɗe asusun masallaci. Wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake yi a mako, kuma ga wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ba ya ƙarewa sai da dashe. Abin da aka tara ya kai mako uku ko huɗu, ya ƙare, a koma gidan jiya. A cikin watan nan kuma akwai mai naƙuda da aka tsaya neman kuɗin mota, da yaro mai zazzaɓi da aka yi ta ba shi jiƙo don ba na asibiti, da dattijon da ya daina shan maganin hawan jini tun bayan Sallah. Ba wanda ya yi musu yekuwa, don su ba su da wanda zai tsaya gaban sahu.

Ba muna cewa a juya wa mai ciwon ƙoda baya ba. Haƙƙinsa a kan danginsa da abokansa da duk mai hali yana nan, kuma wanda ya ciro daga aljihunsa ya ba wanda zuciyarsa ta so, ba mai tambayarsa lissafi. Ɗa ya sayar da shagonsa don mahaifiyarsa ta ƙara wata biyu, mu dai sai mu yi masa addu'a. Amma kuɗin asusu amana ce ta jama'a duka, har da waɗanda ba su zo ba, kuma mai riƙe da amana ba shi da 'yancin da mai kyauta yake da shi.

Shawararmu ga kwamitin asusu da fadar Sarkin Hausawa ita ce a zauna tun babu kowa a kwance, lokacin da ba a san kan wa abin zai faɗa ba. A duba littafin shekara biyu ko uku da suka wuce, nawa ya shigo, su wa aka ba, me ya biyo baya. A ware kaso da ba a taɓawa sai don haihuwa da zazzaɓin yara da haɗarin hanya, a ware wani don dogon ciwo, a sa masa iyaka, a karanta wa jama'a a masallaci har da dalilan. In za a tsallake iyakar saboda wani, a tsallake a gaban mutane, a rubuta abin da aka fasa yi saboda shi. A kuma nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatun asibiti ya zauna da iyalin mai dogon ciwo tun ranar farko, ya gaya musu tsawon tafiyar da abin da asusu zai iya ɗauka, don su san inda za su nufa da sauran kafin su sayar da abin da suke ci da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.